Ranar da Mai Faci Ya Ba Ɗaki Iska

A duk layinsu babu wanda ya san iska kamar Mai Faci. Shi ya faɗi haka da bakinsa, kuma kullum sai ya maimaita. Tun yana ƙarami yake tsugune a bakin titi gaban tayoyin mutane, ubansa ma sana'ar ke nan. Saboda haka da zarar an ambaci iska a wurin hira, ko da cewa aka yi wane ya fita shan iska, sai ya gyara zama ya karɓe zancen.

"Ku iska shaƙarta kawai kuke yi," in ji shi wata rana a bencin Mai Aski. "Ni kuwa sarrafa ta nake. In ce ta shiga, ta shiga. In ce ta zauna, ta zauna. A hannunta na tashi. In gaya muku gaskiya, ni ɗanta ne."

Tela, wanda ke haya a saman benen gidansu, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Mun daɗe da sani. Nauyin faɗa muke ji."

Mai Faci ya ɗauka yabo ne, ya yi masa godiya.

To, ana nan sai surukarsa, Inna, ta kwanta asibiti da ciwon ƙirji. Ta sha jinya, ta samu sauƙi, aka fara maganar sallama. Likita ya ce duk inda za a kai ta, a tabbatar ɗaki ne mai wadatacciyar iska, marar danshi, in ba haka ba tarin zai dawo. Nan gardama ta tashi tsakanin 'ya'yanta biyu: Yaya, babban ɗanta, ma'aikacin ofis mai mota, da matar Mai Faci, wadda kowa ke kira Auta.

Tun da Auta ta yi aure, Inna ba ta taɓa kwana a gidanta ba. In ta zo, wuni ne, kafin magariba Yaya ya turo mota. Abin yana ci wa Auta rai, ba ta dai faɗa. Wannan karon ta faɗa, har da hawaye a bakin gadon asibiti: ita ma 'ya ce, ita ma tana so ta tashi da safe ta ga uwarta a gidanta, ta ɗora mata ruwan wanka da hannunta. Yaya kuwa ya yanke hukunci irin na manyan yayye. Ranar sallama zai biyo da Inna ta gidan, ya duba ɗakin da idonsa. In ya yi masa, shi ke nan. In bai yi masa ba, Inna ko sauka daga mota ba za ta yi ba.

Ɗakin da ake magana shi ne na kusa da ƙofar gida, inda Mai Faci ya yi shekaru yana jibge tsofaffin tayoyi. Auta ta kwashe su, ta share, ta wanke, ta goge, amma bangon nan ya yi baƙi-baƙi da fumfuna, ga wani wari kamar an manta jiƙaƙƙen tsumma a jaka. Taga ɗaya gare shi mai kallon titi, ƙyaurenta na katako an rufe tun shigowarsu gidan, fenti ya liƙe shi.

Mai Faci ya shiga ya zagaya. Ya ƙwanƙwasa bango da yatsa, ya kara kunne. Ya fito da fuskar mutumin da ya gano ciwo.

"Ɗakin nan ya sace," ya ce.

"Ya saci me?" in ji Auta.

"Sacewa irin ta taya. Babu iska a cikinsa ko ta magani."

"Ai shi ya sa nake cewa a ɓalle tagar nan, a bar ƙofa a buɗe. Ta shiga ta nan, ta fita ta can."

"Ta fita?" Ya dube ta da tausayi. "Auta, kin ji kanki kuwa? Likita ya ce a ba tsohuwa iska, ke kina nema wa iskar hanyar gudu. Kin taɓa ganin an kawo min taya mai huda ɗaya na ƙara mata ta biyu na ce ta warke?"

"Baban yara, Inna ba taya ba ce."

"Wa ya ce Inna? Ɗakin nake nufi. Ɗaki ai taya ne mai kusurwa. A toshe duk inda yake yoyo, a ɗura masa iska, a rufe. Inna ta shiga ta yi ta shaƙa har ta ƙoshi. In ta yi ƙasa, in ƙara."

Auta ta juya ta koma kan aikinta. Ta san mijinta, musu iska yake ƙara masa.

Washegari bai fita aiki ba. Ya haɗa ruwan sabulu cikin babban bahon wankin Auta, ya ɗauki soso ya bi bango yana shafawa, kamar yadda yake bin taya in yana neman huda. Ya shafe bango, ya shafe ƙasa, ya hau kujera ya shafe rufi. Kumfa ba ta nuna masa komai ba, don babu iskar da za ta hura ta. Kujerar ce kawai ta nuna masa cewa ƙasa tana da santsi. Da Auta ta jiyo ƙara ta rugo, ta same shi kwance rigingine cikin kumfa, bahon kife a ƙafarsa.

"Lafiya?"

"Rufin nake dubawa," ya ce. "Daga nan aka fi ganinsa."

Ɗakin da ake yaƙi da danshinsa ya kwana yana ɗiga. Kafin ya bushe, fumfunar ta yi 'ya'ya.

Wannan bai dame shi ba. Ya kwaso tsofaffin tub na taya, ya yayyanka, ya buɗe gwangwanin sholisho, wato gam ɗin da yake faci da shi. Ya liƙe ƙasan ƙofa, ya liƙe gefenta, ya liƙe ramin mukulli. Ƙyauren tagar da Auta ke roƙon a buɗe, ya buɗe shi kuwa, har ya cire shi gaba ɗaya, zuciyarta ta yi sanyi na ɗan lokaci. Sai ga shi ya jawo tub ɗin babbar mota, baƙi ƙirin, mai kauri. Ya shimfiɗa shi a kan tagar ta waje, ya shafe bakin da sholisho, ya danne da katako, ya jera ƙusoshi. Sannan ya huda bango kusa da ƙofar gida ya dasa bawul, irin wanda iska ke shiga ta cikinsa ba ta fita.

Maƙwabta suka fara tsayawa kallo.

"Wai shagon faci za ka buɗe wa surukar taka?" in ji Tela daga sama.

"Ka tsaya ka gani. In na gama wannan, ɗaki-ɗaki zan bi layin nan. Har asibitin ma sai sun aiko a kira ni."

"Asibiti kam za a je," Tela ya ce.

Ranar gwajin farko ya turo injin da yake ba tayoyi iska, ya jona tiyo a bawul, ya tayar. Injin ya yi ta ruri, ɗaki bai nuna alamar cika ba. Can sai ga Tela ya sauko da gudu, ƙafa ba takalmi, tef rataye a wuya.

"Kashe! Kashe abin nan! Soket ɗina yana fito!"

"Yana me?"

"Fito! Kamar mai kiran kare! Ƙyallayen da na yanka duk sun tashi sama, matata ta fice da yara tana salati, ta ce gidan nan akwai iska!"

"Gaskiyarta," in ji Mai Faci, ransa fari. "Tawa ce. Ashe ta bututun wayar lantarki take zurarewa. Na gode, Tela, ka gano min huda."

Ya cire soket ɗin ɗakin da makunnin fitila, ya cusa roba a ramukan, ya liƙe. Da Auta ta tambayi yadda Inna za ta ga hanya, ya ce ai likita iska ya rubuta, bai rubuta haske ba.

Auta ta ga abin ya wuce wasa. Da hantsi, da ya leƙa bakin titi, ta ɗauki wuƙar girki ta je ta ɗan ɓamɓare robar tagar ta kusurwa ɗaya. Bai daɗe da dawowa ba ya bi wurin da sosonsa ya gano.

"Ɓera ya taɓa nan," ya ce, yana shafa sholisho ninki biyu.

"Ɓeran ma uwa gare shi," in ji Auta, ta shige ciki.

Ya bi ta da kallo. Ya ga idonta ya yi ja, abin ya taɓa shi, don yana son matarsa, ba ya son ganin ranta a ɓace. Sai ya ƙudura a ransa zai ninka iskar da ya yi niyya, don ta san ba da wasa ya ɗauki lamarin uwarta ba.

Ranar sallama ya sa wankakkiyar riga. Tun da safe ya je ya kamo Mai Aski, mutum mai bin umarni kamar an ɗaure shi da igiya, ya tsayar da shi gaban inji, ya nuna masa gejin auna iska da ke jikin tiyo.

"Ka ga allurar nan? In na shiga na rufe ƙofa, ka tayar. Kada ka kashe sai ta kai jan layin nan. Ko wa ya ce ka kashe, kada ka kashe. Ko ni ne."

"Ko kai ne," in ji Mai Aski.

Motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida rana ta ɗaga. Inna na zaune a baya, ta rame, sandarta a gefe. Ta buɗe ƙofar mota ta zuro ƙafafu waje, ba ta sauka ba. Auta ta durƙusa ta riƙe hannunta. Mai Faci ya tsuguna daga nesa, kai a ƙasa.

"Inna, sannunku da zuwa. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Allah ya yi albarka."

Yaya ya fito cikin fararen kaya masu guga, hula a kafe. Ya dubi inji, ya dubi tiyo, ya dubi baƙar robar da ke bango.

"Ina tagar?"

"An wuce zamanin taga, Yaya. Bismillah, shigo ka gani da idonka."

Mutanen layi sun riga sun taru, don Tela ya bi gida-gida ya sanar. Mai Faci ya ji daɗin haka. Ya shige gaba da tocila, Yaya na biye, ya tura ƙofa ta rufu da wani ɗan sauti, fuf, kamar murfin firji. A waje inji ya ɗauka.

Ciki duhu ne, sai hasken tocila da shuuu ɗin bawul.

"Ja numfashi, Yaya," in ji Mai Faci. "Sabuwa ce fil, yanzu aka yi ta."

Yaya ya ja, ya yi tari. "Warin taya take yi. Da baƙin mai."

"Ƙamshin inganci ke nan."

"Wannan baƙin a bango fa?"

"Fumfuna ce. In iska ta matse ta, da kanta za ta bar gidan."

Suka ɗan tsaya. Yaya ya sa yatsa a kunne ya girgiza, ya haɗiye yawu.

"Kunnena ya toshe."

"Alhamdu lillahi, ya fara cika."

"Na ga abin da zan gani. Buɗe mu fita."

Mai Faci ya kama mariƙin ƙofa ya ja. Ƙofa ba ta motsa ba. Ya ajiye tocila ya sa hannu biyu. Ya taka bango da ƙafa ɗaya ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ƙofar nan ta ciki take buɗewa, iskar da ya tara kuwa ta jingina da ita da dukkan nauyinta.

"Mene ne?" in ji Yaya.

"Ka ga aiki, Yaya? Ko ɗigo ba ta fita."

"Mu fa?"

"Mu ma haka."

Yaya ya ture shi ya kama mariƙin da kansa. Ya ja da ƙarfin fushi, mariƙin ya ɓalle ya biyo hannunsa, ya zauna daɓas a ƙasa cikin fararen kayansa. Ya miƙe ya nufi taga, ya zura hannu tsakanin ƙarafunan tagar yana soka wa robar mukullin mota. Robar ta riga ta yi waje, mukulli sai zamewa yake.

"Tub ɗin babbar mota ne," Mai Faci ya yi masa bayani. "Mai kyau na zaɓo, saboda Inna."

"Kana da wuƙa?"

"Ina da reza a aljihu. Amma Yaya, ni mai faci ne. Tun da nake ban taɓa huda roba da hannuna ba. Me zan gaya wa mutane?"

"Ba ni nan!"

Mai Faci ya laluba aljihu, sai ya tuna rezar tana cikin rigar aiki, shi kuwa wankakkiya ya sa saboda baƙi. Yaya ya kara baki a ƙarfen taga ya kwarara ihu.

Abin da ya faru a waje, daga baya aka ba Mai Faci labari, kowa da irin nasa, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan manyan abubuwa. Da farko dai robar tagar ta ɗan tasa. Sannan ta yi tulu. Sannan ta kumbura ta fito titi, baƙa, tana sheƙi, har wani mai keke ya kauce mata ya yi mata sannu. Muryar Yaya na fitowa ta cikinta kamar mai magana a cikin randa.

"Me yake cewa?" Auta ta tambaya.

Mai Aski ya kasa kunne. "Kamar cewa yake a ƙara."

"Cewa yake a kashe! Kashe!"

"An ce ko wa ya ce in kashe, kada in kashe. Allura ba ta kai jan layi ba. Ko motsi ba ta yi ba."

Ba kuwa za ta motsa ba, don gejin na taya ne. Kafin allurarsa ta san ana wani abu, sai dai a tsinci gidan a layi na gaba. Wani direba da ke cikin 'yan kallo ya je ya shuri bango da ƙafa, ya ce a ganinsa da saura kaɗan. Auta ta ture Mai Aski ta kashe injin da kanta.

Shiru ya sauka, amma robar ba ta ragu ba, don bawul ɗin na kirki ne. Maza suka shiga suka haɗa kafaɗa a ƙofar ɗakin suka tura, ta ƙi. Wani ya ce a fasa bango. Wani ya ce a kira masu kashe gobara. Wani ya ce a danna tsinken bawul, aka danna, ya fara tsiii kamar sauro, Tela ya ce in da wannan za a jira, gara a aika wa iyalan Yaya su fara karɓar gaisuwa. Auta na tsaye a tsakiyar titi, hannu a ka. Ba ta ma tunanin mijinta da yayanta. Motar take kallo, ta san yau ma da uwarta za ta tafi.

Ana cikin wannan hayaniya, ba wanda ya lura Inna ta sauka daga mota. Ta dogara sandarta a hankali har gaban kumburin. Ta dube shi sama da ƙasa. Ta juya wajen Tela.

"Ɗan nan, ara min almakashin da ke aljihunka."

Tela ya miƙa da hannu biyu, ya ja da baya sosai.

A ciki, Mai Faci na cikin gaya wa Yaya cewa in Inna ta saba, ko ƙofar ma ba za ta nema ba, sai duniya ta tsage. Ƙarar ta kai har bakin titi, inda aka ce tantabaru sun tashi, wata mota ta fara kuka ita kaɗai. Duk iskar da ya tara ta fice lokaci guda, ta tafi da ƙurar ɗakin, da ɓawon fenti, da hular Yaya, wadda ta bi ta tsakanin ƙarafuna ta sauka a kan rumfar Mai Aski. Ƙofa kuwa ta saki ba sallama, mazan da ke tura ta suka zubo ciki a kan juna.

Mai Faci ya fito yana layi, fuska fari fat da ƙura, kunnuwansa na ƙugi. Mutanen layi gaba ɗaya na tsaye. Ba wanda ya yi dariya tukuna, saboda Inna. Ita kuwa tana nan inda take, ɗankwalinta ya ɗan karkace, tana miƙa wa Tela almakashinsa.

Yaya ya fito ba hula, bayan rigarsa baƙi, mariƙin ƙofa har yanzu a hannunsa.

"Inna, shiga mota," ya ce. "Auta, kin gani da idonki. Ban hana ki ba, mijinki ya hana ki."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka a kan zanenta. Wannan kam Mai Faci ya gani, ko da yake ba ya jin abin da ake faɗa.

Inna ba ta nufi mota ba. Ta dogara sanda ta shiga gidan, ta tsallake mazan da ke karkaɗe jiki, ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ƙofa a wangale, taga a wangale, ragowar roba na lilo a jikin ƙusoshi. Rana ta faɗo a kan bango. Iska ta shigo ta taga, ta kaɗa gefen mayafinta, ta wuce ta ƙofa ta yi tsakar gida. Inna ta ja numfashi mai tsawo, ta sauke. Ta sake ja. Kowa na jiran tari, tari bai zo ba.

"Shigo min da jakata," ta ce wa Yaya.

"Inna, mutumin nan ya kusa kashe ni!"

"Ai bai kashe ka ba. Likita cewa ya yi iska ta shiga ta fita, ga ta nan tana yi. Gidanka fa? Tagogi a rufe, labule a sake, na'ura na hura min sanyi a ƙashi. Bangon nan a kankare shi, rana za ta ƙarasa sauran. Kafin nan na kwana ɗakin Auta."

Sannan ta juya wajen 'yarta, ba ta dubi surukin ba.

"Ki gaya wa maigidanki, na san sana'arsa ce, in ya ga huda sai ya toshe. Wannan hudar tawa ce, ni na yi ta. Ranar da aka liƙe ta, ranar zan bar gidan nan."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Har yau ba a daidaita ba ko kuka take ko dariya.

"Me Inna ta ce?" Mai Faci ya tambaya da ƙarfi, hannu a bayan kunne.

Tela ya matso ya yi masa ihu a kunne: "Ta ce za ta zauna! Ta ce kuma uwarka iska ta fi son yawo!"

A nan ne layi ya fashe da dariya, har Mai Aski, wanda sai da ya fara tambaya ko yanzu an yarda a yi.

Mai Faci ya karkaɗe rigarsa. "Dama haka na tsara," ya ce. "Sai an tara ta take sanin hanyar fita."

Yaya ya shigo da jakar, ya ajiye masa mariƙin ƙofa a hannu, ya tafi neman wanda zai sauko masa da hula.

Aka kankare bango, aka sa raga a tagar saboda sauro, ragar ma sai da Inna ta duba ta tabbatar duk huda ce. Kwangilar ɗaki-ɗaki ba ta zo ba. Direbobi dai sun ci gaba da kawo tayoyi, sai dai duk wanda ya zo yakan roƙe shi kada ya shiga ciki ya rufe ƙofa.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne safiya. Dole ta gaban tagar nan zai wuce in zai fita aiki, gwangwanin sholisho a hannu. Sai ya ji iska na zurarewa daga gidansa, a banza, ba mai tare ta, tafin hannunsa ya hau ƙaiƙayi. Wata safiya har ya tsaya, ya kai yatsa bakin tagar yana auna faɗinta. Sai ya jiyo muryar Inna a ciki tana ba da wani labari, numfashinta sumul, Auta na ƙyalƙyala dariya irin wadda ya manta tana da ita. Auta ta ɗago ta gan shi ta cikin raga. Ta dubi yatsan, ta dubi gwangwanin.

Ya janye hannun ya cusa a aljihu.

"Baban yara," ta ce a hankali. "Na gode."

Mai Faci ya gyara tsayuwa, ya ɗan yi gyaran murya.

"Haba, ba komai," ya ce. "Ai aikina ne."